A Wurin da Aka Saba

Idan ka shiga shagon Manniru a Durumi, warin fetur da baƙin mai ne zai fara tarbar ka. Sai janaretoci a jere a ƙasa, kowanne da sunan mai shi a rubuce da alli a kan tanki. Yawancin masu kawo gyara iyakar abin da suke gani ke nan, su yi ciniki su tafi. Wanda ya ɗaga kai shi ke ganin jiragen. Suna rataye da igiya a katakon rufi, hancinsu ƙasa, an sassaƙa su da farin soson da ake naɗo firji a cikinsa, an shafe su da fenti. Idan iska ta shigo ta ƙofa sai su riƙa juyawa a hankali, wannan ya kalli wancan.

Manniru ya haura hamsin. Daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta ya zo Abuja yana saurayi, da buhun kaya da sunan wani ɗan garinsu da bai taɓa samu ba. Ya tura baro a kasuwar Garki, ya sayar da rake, ya yi shekaru yana bin motoci da tabarau da agogo a titin zuwa filin jirgi. Idan aka tambaye shi inda son jirgi ya kama shi, nan yake nunawa: wai yana tsaye a rana inuwa ta gifta ta kansa, ya ɗaga kai ya ga cikin jirgi kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Labarin yana da daɗi, kuma ya maimaita shi har ya yi santsi. Abin da ba ya faɗa shi ne, a shekarun nan duk wanda ya yi magana da shi mai wucewa ne. Gilashi ya sauka, hannu ya miƙo, gilashi ya hau.

Daga baya ya koyi gyaran janareto, ya samu shago, ya auri Talatu. Suka haifi 'ya ɗaya, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Zakiyya, shi ya sa har yau bai taɓa kiran sunan ba, sai dai ya ce Uwata. Shekarar da rusau ya ci ɗakinsu Talatu ta koma gida da yarinyar, wai kafin a samu wani wuri. An samu wurin, ba ta dawo ba. Ba saki, ba faɗa. Yana zuwa da Sallah, ta dafa masa abin da yake so, ya yi 'yan kwanaki ya dawo. Aure ne ya sake kawo Zakiyya Abuja, tana zaune a Lugbe tana sayar da atamfa da turaren wuta ta waya.

A tsakanin nan ne Thaddeus ya shigo rayuwarsa, ɗauke da ƙaramin janareto da ya ƙi tashi. Mutumin Zonkwa ne, dogo, akawu a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikatar gwamnati. Yana yaro ya so ya zama matuƙin jirgi, ya ƙare yana kaɗe ƙura daga takardun ƙarin girman wasu. Shi ne mai kawo gyara na farko da ya ɗaga kai.

"Wannan abu," ya ce, da irin Hausarsa da ba ruwanta da mace da namiji, "tana tashi?"

"Yana tashi," in ji Manniru. "Sauka ce ba ya yi."

Gaskiya ya faɗa. Manniru ya iya ƙira, bai iya tuƙi ba. Ya san yadda zai daidaita nauyi, ya san yadda zai cire injin yankan ciyawa ya fere shi ya ɗaura masa farfela. Amma da zarar jirgi ya juyo yana fuskantar sa, dama ta koma hagu, sai hannunsa ya rikice a kan rimot. Thaddeus kuwa ranar farko da ya riƙe rimot ɗin ya sauke jirgi a kan tayoyinsa. Tun daga ranar ya zama Kyaftin, Manniru ya zama Injiniya, kuma ba wanda ya sake kiran ɗan'uwansa da sunan yanka.

Haka kulob ɗin ya fara. An kore su daga fili zuwa fili, yau mai gadi, gobe jami'an tsaro, har wani manomi a bayan Tungan Maje ya bar musu tsirin jar ƙasa a gefen gonar doyarsa. Wani malamin sakandare ya shigo, da 'yan ɗaliban jami'a daga Gwagwalada, da wani direban tanka mai son kallo. Kowace Asabar Manniru zai nannaɗe fukafukai a tsohon bargo, ya hau mota a Area One zuwa Gwagwalada, inda Thaddeus ya koma da zama. Wurin haɗuwarsu teburin Datti mai jarida ne, ƙarƙashin mangwaro. Nan Thaddeus yake yin safiyarsa tare da sauran masu karatun kyauta, mutanen da ke kewaye tebur su karanta a tsaye, su yi gardamar siyasa da ƙwallo har jijiyar wuya ta tashi, su ajiye jarida su watse ba wanda ya saya. Thaddeus ba ya tsallake shafi. Har shafin masu canjin suna da na cigiyar takardun fili yake bi layi layi, yana cewa nan ake sanin wa ya rabu da wa.

Abin da ya raba su ya faru ne a kan jirgin da suke kira Zabuwa, saboda ɗigo-ɗigon fentinsa. Shi ne mafi girma da Manniru ya taɓa ƙerawa, damina guda ya ci yana aikinsa. Ranar sama a wanke take. Thaddeus ya tashe shi lafiya, ya zagaya, ya nufi wajen dutse da shi. Sai kawai aka ga yana juya kai, yana laluben sama da ido, alhali kowa na ganin jirgin yana gangarowa ta hagu. Kafin a yi ihu Zabuwa ya shige cikin wata bishiyar ɗorawa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka kwali.

"Rana ne ya shiga min ido," in ji Thaddeus.

"Wace rana? Rana tana bayanmu!" Manniru ya daka masa tsawa a gaban ɗalibai. "Kai makaho ne?"

Thaddeus ya sunkuya ya ajiye rimot a ƙasa a hankali, ya kaɗe hannuwansa a jikin wando, ya bi hanyar gona ya nufi titi. Asabar ta gaba bai zo ba, Manniru ma bai biya ta teburin Datti ba. Ɗaliban suka gama karatu suka watse, aka yi wa malamin canjin wurin aiki, direban tanka ya ga ba abin kallo. Damina biyu ta wuce.

Manniru bai daina ƙira ba. Ya gama wani sabo, ja da fari, ya sa masa suna Shirwa, ya rataye shi tare da sauran. Wasu Asabar ɗin yakan kai shi filin, ya tayar da injin, ya bar shi ya yi gudu a ƙasa zuwa ƙarshen tsirin, ya je ya ɗauko shi. Manomin yakan jingina da fartanya ya tambaya, "Yau ma ba za a hau ba?" Sai Manniru ya ce iska ba ta da kyau.

Wata ranar Lahadi Zakiyya ta kawo masa tuwo a kula, ya ce mata yana so ya yi wa kulob talla.

"Alhamdulillahi," ta ce, har ta ciro waya. "Baba, wannan ai aikina ne. Ka tayar da injin nan in ɗauka, in sa a Tiktok da Fesbuk. Kafin la'asar mutanen da za su gani sun fi na Durumi yawa."

"A jarida zan sa."

Ta sauke wayar. "Jarida? Wace jaridar? Wadda ake naɗe tsire?"

"Uwata, ke ba ki gane ba. Abin waya yanzu a gani, anjima a goge da yatsa. Jarida kuwa mutanen kirki ke karantawa, masu natsuwa. Ni ba 'yan kallo nake nema ba."

"Masu natsuwar nan duk suna da waya, Baba. Oga na ofis ma a waya yake karanta jaridar."

Ya kawo mata hujja bayan hujja, kuma kowacce tana da ƙamshin gaskiya. Cewa idan bidiyo ya yaɗu jami'an tsaro za su iya biyo sawu su hana su filin. Cewa yaran yanzu za su zo su tattake doyar mutum. Cewa abin da aka buga a takarda yana da mutunci. Manniru ba maƙaryaci ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da ke tara dalilai masu kyau su jera su a gaban dalili ɗaya da ba sa so a gani, kamar yadda ake jera kujeru a gaban tsagar bango idan baƙi za su zo.

"To me za ka rubuta?" ta tambaya.

Ya faɗa mata da ka, don ya daɗe yana tauna kalmomin. Kulob ɗin masu tashin ƙananan jirage na Tungan Maje ya dawo aiki. Kowace Asabar da hantsi, a wurin da aka saba. An ƙera sabo.

Zakiyya ta tsaya da zuba miya. "A wurin da aka saba."

"Eh."

"Baba, baƙo ya san wurin da aka saba? Ba lambar waya, ba kwatance?"

"Mai nema zai tambaya."

Ta dube shi, irin kallon da mahaifiyarsa ke yi masa idan ya ce ba shi ya sha nonon ba. "Lambar Baba Kyaftin tana cikin wayarka. Ni na sa maka ita da ka canja waya. Ka danna kawai."

"Wa ya yi maganar Kyaftin?" Ya ja kwano gabansa. "Miyar nan gishiri ya yi mata yawa."

Kiran waya yana nufin wani ya fara cewa wani abu, kuma Manniru ya san abin da ya kamata ya fara cewa. Talla kuwa ba ta neman gafarar kowa. An yi ta ne don duniya, idan wani ya gani ya zo, shi ya kawo kansa. Za su iya tsayawa a filin kamar ba abin da ya faru, ya miƙa rimot, wancan ya karɓa, shi ke nan.

Ya je ofishin tallan wata jaridar Turanci, wadda ya san Thaddeus ke fara ɗauka. Matar da ke karɓar talla ta juya maganar zuwa Turanci, ita ma ta ce, "Oga, ba lamba? Ka tabbata?" Ta nuna masa inda ƙarfinsa zai kai, ɗan akwati kamar na ashana, a ƙasan shafin masu canjin suna. Ta ɗan ji kunyar nuna masa wurin. Shi kuwa ya ce nan ɗin ma ya fi so.

Ranar da tallar ta fito ya rufe shago ya hau motar Gwagwalada. Bai je teburin ba. Ya zauna wurin mai shayi a tsallaken titi, bayan wata motar ɗaukar yashi, inda yake hango mangwaron. Can sai ga Thaddeus. Ya rame, furfura ta cinye kansa, yana tafe a hankali yana dogara lema duk da ba hadari. Manniru ya ce a ransa, ji shi, ya yi ritaya ya koyi tafiyar manya. Datti ya miƙa masa jarida tun kafin ya tambaya. Ya buɗe ta, ya ɗaga ta gaban fuska, yana juya shafi yana tsoma baki a gardama. Manniru yana bin shafukan daga nesa, shayinsa ya huce. Ya ga lokacin da ya kai wajen ƙarshe, inda ƙananan tallace-tallace suke. Ya ga ya ɗan dakata. Sannan ya juya, ya ninke, ya mayar wa Datti.

Ran Asabar Manniru ya riga hantsi zuwa filin. Ya share tsirin da reshe, ya cika wa Shirwa mai, ya ajiye rimot a kan dutsen da Kyaftin ya saba zama. Duk babur ɗin da ya rage gudu a titi sai ya miƙe tsaye. Rana ta take, manomin ya tafi gida, ya rage daga shi sai wasu awaki. Ya sake sa tallar mako na gaba. Asabar ɗin ma haka ta wuce.

"Ya gani," ya ce wa Zakiyya, ya manta cewa bai taɓa yarda akwai wani da ake jira ba. "Da idona na ga ya tsaya a shafin. Girman kai ne kawai."

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce, "To yanzu in gwada nawa?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta ɗauke shi bidiyo yana murza farfela, injin ya kama da ƙara, Shirwa yana rawa a hannunsa. Ta rubuta kwatance dalla-dalla, ta sa lambarta, ta watsa.

Abin da ta faɗa ya tabbata. Asabar ta gaba motoci suka yi layi a bakin gonar. Samari da gajeren wando, wani uba da 'ya'yansa, wasu 'yan mata da lema, kowa waya a sama. Ana ta kiran sa Baba Injiniya, ana ɗaukar hoto da shi. A cikinsu akwai wata budurwa mai suna Nabilah, mai ɗaukar hoton bukukuwa da ɗan jirgi mai kyamara, ta ce ta daɗe tana koyon tuƙa mai fukafukai a kwamfuta. Ta duba Shirwa ciki da waje, ta yi tambayoyin da suka dace.

"Baba, ka yarda in gwada?"

Ya miƙa mata rimot. Shirwa ya yi gudu a jar ƙasa, ya ɗaga hanci, ya hau. Karo na farko ke nan da ya bar ƙasa. Ya zagaya ta kan ɗorawar nan, ya kwanta a gefe ɗaya, jan fentinsa yana walƙiya. Ta sauke shi ya ɗan yi tsalle ya tsaya. Aka yi tafi da ihu, Zakiyya tana share ido da gefen mayafi.

Idan hannu Manniru ya rasa, ga hannu ya samu, matashi, mai kyau, mai ladabi. Ya sha gaya wa kansa cewa abin da ke damun sa shi ne jirage suna ruɓewa a rataye ba mai tashin su. To ga shi an tashi. Ya tsaya a tsakiyar mutane yana murmushin da ake yi wa hoto, yana jin kamar ya koma titin filin jirgi: fuskoki masu fara'a, kowacce da inda za ta. Da aka sake tashin Shirwa ya juyo ta kan dutse, Manniru ya buɗe baki zai ce, Kyaftin, ka ji yadda yake shan mai? Ya waiga, wani yaro ne zaune a kan dutsen Kyaftin yana cin gyaɗa.

Ran Litinin ya koma Gwagwalada, wannan karon da fushi. Ya shirya maganarsa a mota: shekara nawa muna tare, kalma ɗaya ce za ta sa ka ga kira ka kau da kai? Cunkoso ya riƙe su a Giri, ko da ya isa masu karatun sun watse, sai Datti kaɗai yana ɗora duwatsu a kan jaridu kada iska ta kwashe.

"A'a! Injiniya! Kana duniya?" Datti ya kama hannunsa da hannu biyu. "Ka yi tsada, wallahi."

"Mutumin naka ya zo yau?"

"Kullum yana zuwa. Yanzu ya tafi."

"Ya karanta wannan?" Manniru ya zaro tsohuwar jaridar daga aljihu, ya nuna ɗan akwatin da yatsa.

Datti ya kalli akwatin, ya kalli Manniru. Fara'arsa ta ragu. "Au, kai ba ka sani ba?"

"Me?"

"Kyaftin ai ba ya karatu. Ya daɗe. Hawan jinin ido, in ji likita, wai ba ya gyaruwa. Tun kuna zuwa filin nan ya fara, gefe-gefe ya fara cinyewa. Yanzu ko babban rubutun gaba sai ya kai shi hanci."

"Na gan shi yana juya shafi."

"Yana juyawa mana. Ni nake miƙa masa, in tabbatar ba a kife take ba. Sauran kuma in sun ga labari sai su karanta da ƙarfi kamar suna jin haushi, shi kuma ya ɗauka daga nan ya yi ta gardama. Duk mun sani. Ba wanda ke faɗa." Datti ya gyara wani dutse. "Wannan shafin kuwa wa zai karanta masa? Shi kaɗai ne dama mai bin sa."

Manniru ya tsaya da jaridar a hannu. Motoci suna wucewa. Ya tuna sama a wanke, da mutum yana juya kai yana neman abin da kowa ke gani. Ya tuna inda rana take a ranar, da tambayar da ya yi da ƙarfi don ɗalibai su ji. Ya ninke jaridar ƙanana ƙanana har ta ƙi ninkuwa.

Washegari ya riga kowa zuwa mangwaron. Da Thaddeus ya iso ya karɓi jaridarsa ya buɗe, Manniru ya matsa ya tsaya a gefensa, kafaɗa kusa da kafaɗa. Bai yi sallama ba. Ya buɗe tasa tsohuwar, ya gyara murya, ya fara karanta tallar da Turancinsa na makarantar yaƙi da jahilci, kalma kalma, da ƙarfi, kamar yadda Datti ya ce ana yi. Gardamar ƙwallo ta mutu. Thaddeus bai juyo ba, amma takardar da ke hannunsa ta daina motsi.

"Wane sakarai ne ya sa talla a wannan shafi?" ya ce daga ƙarshe. "Ba mai karanta shi."

"Wani injiniya ne."

"Injiniya ɗin bai iya Turanci ba. Ka karanta kamar kana tauna tsakuwa." Ya juya shafi. "Wane inji ya sa wa sabon?"

Manniru ya ciro waya, ya lalubo bidiyon Zakiyya, ya kai ta kusa da kunnensa. Ƙarar Shirwa ta fito siririya. Thaddeus ya karkata kai, ya rufe ido, babban yatsansa na dama yana motsi a gefen jaridar kamar yana kan rimot.

"Iska ya yi mata yawa. Ka ƙara mai kaɗan, in ba haka ba za ta mutu maka a sama. Wa ya tuƙa?"

"Wata yarinya."

"Ta iya. Amma tana tsoron sauka, ta rage wuta da wuri."

"Ka zo ka gaya mata da bakinka. Ran Asabar. Ni zan biyo in ɗauke ka."

Nan ne ya kamata Manniru ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma ya buɗe baki. Thaddeus ya riga shi.

"Injiniya, bar shi." Muryarsa ba fushi. "Tambaya ka yi ranar, amsan kuma eh ne. Ni ma na sani tun kafin ranar, na karɓi rimot ɗin duk da haka. Amma ba zan je in zauna a kan dutse ina jin abu a sama ina tambayan yara ina take ba. A nan ina da aiki." Ya ɗaga jaridar. "Tunda ka zo, karanta min masu canjin suna. Waɗannan ragwaye ba sa kai wa can."

Manniru ya karɓa ya karanta. Thaddeus yana gyara masa kowane suna, yana cewa wannan aure ne, wannan saki ne, wannan kuma gudun wani yake yi.

Kulob ɗin yana nan. Nabilah ce ke kula da shafinsa a waya, mutane suna zuwa suna tafiya, wasu Asabar a cika, wasu mutum uku. Manniru bai sake sa talla a jarida ba. Kowace Asabar yana sauka a Gwagwalada da bargonsa na fukafukai, ya jingina shi da mangwaro, ya karanta shafin canjin suna daga sama har ƙasa, a yi masa dariyar Turanci. Idan ya gama sai ya ɗauki bargon ya ce, "Kyaftin, za mu wuce."

"Sai ka dawo, Injiniya. Ka ce ta daina rage wuta."

Sai ya tsallaka titi shi kaɗai ya tsayar da motar Zuba. A filin, kafin kowa ya iso, yakan share tsirin da reshe, ya kaɗe ƙurar da ke kan dutsen nan, duk da ya san yaro mai gyaɗa ne zai zauna.